Sa Hannun Malama: Amana, Yarda da Aikin Masu Koyar da Jinya

Duk ɗalibar da ke koyon aikin jinya ko ungozoma tana da wani ɗan littafi da take yawo da shi daga ɗakin marasa lafiya zuwa ɗakin haihuwa. A cikinsa an jera ayyukan da dole ta iya kafin a ce ta ƙware, irin su auna hawan jini, yin allura, ɗaura ƙarin ruwa, wanke ciwo, sa robar fitsari da karɓar haihuwa. A gaban kowane aiki akwai gurbin da malami ko malama za su sa hannu. Wannan sa hannun bai wuce ɗigon tawada ba, amma shaida ce mai nauyi, domin ma'anarsa ita ce mai sa hannun ya gani da idonsa cewa yarinyar nan ta iya, kuma ya amince a sakar mata jikin ɗan Adam. Bayan shekara biyar ko goma, a wani ƙaramin asibitin karkara inda babu likita, cikin tsakar dare, za a kawo mace mai naƙuda tana jijjiga, kuma rayuwarta za ta rataya a kan ko wancan sa hannun gaskiya ne ko alfarma ce. Matar ba za ta taɓa jin sunan malamar da ta sa hannun ba, malamar ma ba za ta taɓa sanin an yi wannan daren ba. Tambayar da nake so in bi a nan ita ce, me ke sa mutum ya riƙe gaskiya a aikin da sakamakonsa ke ɓoye haka, kuma wane hali ne na wurin aiki ke taimaka masa ya riƙe ta ko ya sake ta.

Bahaushe yana kiran ma'aikacin jinya malamin asibiti, saboda haka masu koyar da su malaman malamai ne. Abin da nake so in kafa a kansu shi ne, ingancin aikinsu ya dogara ne a kan yardar da ke tsakaninsu da shugabanninsu da abokan aikinsu, kuma yardar nan sharaɗi ce da ke zuwa kafin kyakkyawan aiki, ko da yake mun saba ɗaukar ta a matsayin tukuicin da ake bayarwa bayan an gama. Harshenmu ya raba abubuwa biyu da ke taimaka wa wannan magana. Amana ita ce kayan da aka ɗora wa mutum, yarda kuwa ita ce sakin jikin da mai ɗorawa ya yi da shi. A 1974 masanin nan A. H. M. Kirk-Greene ya wallafa wani nazari a kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, kuma a cikin halayen da ya lissafa akwai gaskiya da amana, tare da haƙuri da kunya da mutunci da adalci. Wa'azinmu da tarbiyyarmu duk sun cika da gargaɗi ga wanda aka ba amana, kuma hakan daidai ne. Abin da ba mu cika tattaunawa ba shi ne haƙƙin da ke kan mai bayar da amanar. Ana iya ɗora wa mutum amana a hana shi yarda, a ba shi ɗalibai ɗari a ce ya fitar da su ƙwararru, sannan a riƙa soke hukuncinsa a bayan idonsa. Wanda aka yi wa haka an ɗaura masa kaya ne an kuma ɗaure masa ƙafa.

Domin a ga dalili, sai a duba abin da aikin malamar jinya ya ƙunsa. Akwai ɓangaren da ake iya ƙirgawa, wato sa'o'in da ta shiga aji, takardun jarrabawar da ta duba, da yawan ɗaliban da suka haye jarrabawar ƙarshe. Akwai kuma ɓangaren da rajista ba ta kamawa, kuma a nan ne ran aikin yake. Ɗaya shi ne ta iya ƙin sa wa ɗaliba hannu idan ba ta iya ba, ko 'yar wane ce. Na biyu shi ne ta iya cewa ba ta san wata sabuwar hanyar magani ba, ta nemi abokiyar aiki ta nuna mata, domin ilimin lafiya kullum sauyawa yake yi. Na uku shi ne idan ɗalibarta ta yi kuskure a kan marar lafiya ta kai rahoto a gyara. Na huɗu shi ne ta iya gaya wa shugaban makaranta cewa an ɗebi ɗalibai fiye da yadda ɗakin gwaji da gadajen asibiti za su iya ɗauka. Duk huɗun abu guda ya haɗa su, wato kowannensu yana buɗe wa malamar ƙofar cutuwa. Masaniyar falsafa Annette Baier ta bayyana a wata maƙala ta 1986 cewa yarda da mutum na nufin ka bar abin da kake ji da shi a hannunsa, alhali yana da ikon cutar da kai, bisa tsammanin ba zai yi ba. Idan haka ne, malamar da ta ƙi sa hannu ta ajiye aikinta da mutuncinta ne a hannun shugabanta. In ta tabbata zai tsaya mata, za ta yi. In ta san zai juya mata baya da zarar waya ta yi ƙara daga sama, to da wuya ta maimaita.

Wannan ba hasashe ba ne. A 2003 wata malamar jinya a Sukotland mai suna Kathleen Duffy ta fitar da binciken da ya shahara a fagen, inda ta nuna cewa masu horar da ɗaliban jinya a asibitocin Birtaniya sukan hayar da ɗalibin da su kansu suke shakkar ƙwarewarsa. Daga cikin dalilan da ta gano akwai tausayin kada a ɓata wa yaro rayuwa, da ƙarancin lokaci, da jin cewa babu goyon baya, har da tsoron cewa ko sun kayar da shi makaranta za ta warware hukuncin idan ya ɗaukaka ƙara. Idan wannan na faruwa a ƙasar da malami bai san iyayen ɗalibinsa ba, ina ga garuruwanmu, inda ɗaliba kan kasance 'yar maƙwabci ko 'yar aminin shugaba ko wadda wani babba ya kawo da takardarsa? A wurinmu kara da alfarma da zumunci kyawawan halaye ne da ke riƙe da al'umma, amma idan suka shiga tsakanin malama da littafin sa hannu sai su koma nauyin da mutum ɗaya ba zai iya turewa ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malama tana iya ce wa mai neman alfarma a'a ne kawai idan ta san a'arta ita ce a'ar makaranta gaba ɗaya.

Shaida ta biyu ta fito ne daga ɗakunan marasa lafiya. Amy Edmondson ta Jami'ar Harvard ta yi nazarin rukunai takwas na ma'aikatan jinya a asibitoci biyu na Amurka, ta wallafa sakamakon a 1996. Ta shiga binciken tana tsammanin rukunan da ke da shugabanci mai kyau za su fi ƙarancin kuskuren bayar da magani, sai ta tarar su ne ma suka fi yawan kuskure a rubuce. Da aka zurfafa dubawa sai aka gane cewa sun fi yawan faɗin kuskurensu ne, yayin da rukunan da ake tsoron shugaba suke binne nasu. Darasin ya shafi makarantar jinya kai tsaye, domin kuskuren da aka ɓoye ba a koyon komai daga gare shi, kuma zai dawo a kan wani marar lafiyar. A nan akwai wani wuri mai santsi ga mai tunani da Hausa, saboda muna girmama rufin asiri, addini ma ya kwaɗaitar da suturta aibin ɗan'uwa. Sai dai akwai bambanci tsakanin rufa wa mutum asiri da rufa wa kuskure asiri. Wurin aikin da ke da yarda yana kare mutuncin wadda ta yi kuskure, ba ya tozarta ta a gaban jama'a, amma yana baje kuskuren a faifai domin kowa ya gane yadda aka yi ya faru. Wurin da babu yarda kuwa yakan yi akasin haka, ya binne kuskuren muddin bai fito ba, in ya fito kuma ya nemi wanda za a ɗora wa a wulaƙanta.

Masu binciken halayyar ma'aikata sun daɗe suna auna wannan alaƙa. A 2002 Kurt Dirks da Donald Ferrin sun tattara bincike sama da ɗari a kan yarda da shugaba, a 2007 kuma Jason Colquitt da abokan aikinsa suka yi makamancin haka, kuma duka sun sami cewa inda yarda ta yi ƙarfi aiki yakan fi kyau, ma'aikata sukan fi taimakon juna da yin abin da ya wuce wajibinsu. Tun a 1995 Roger Mayer da James Davis da David Schoorman suka ce mutane kan yarda da wani ne bisa abubuwa uku, wato iyawa, da nufin alheri, da tsayuwa a kan ƙa'ida. Mai karatun Alƙur'ani ba zai ji wannan baƙo ba. A ƙissar Annabi Musa a Madyana, cikin Suratul Ƙasas, siffofi biyu aka ambata na wanda ya cancanci a ɗauka aiki, ƙarfi da amana, haka nan Annabi Yusuf ya kafa hujjar cancantarsa ta kula da taskokin Masar da tsarewa da sani. Ibn Taimiyya ya gina bayaninsa na shugabanci a littafin Siyasatus Shar'iyya a kan waɗannan ginshiƙai biyu. Abin lura shi ne mun saba auna na ƙasa da wannan ma'auni, mu manta cewa na ƙasa ma da shi yake auna na sama. Malamar jinya kullum tana duba ko shugaban makaranta ya san aikin, ko yana nufin ta da alheri, ko maganarsa ta jiya ita ce ta yau. Abin da ta gani shi ke yanke mata iyakar gaskiyar da za ta iya faɗa.

Fiƙihu ya yi wani rabe-rabe da ke haska wannan matsala fiye da yadda littattafan gudanarwa suka yi. Malamai sun bambanta hannun amana da hannun lamuni. Wanda aka ba ajiya amintacce ne, idan kayan suka salwanta ba tare da ya yi sakaci ko ya ƙetare iyaka ba, ba a sa shi ya biya. Wanda ya ƙwaci kaya kuwa lamuni ne a kansa ko ta yaya suka halaka. Hikimar a fili take, domin da za a ce mai karɓar ajiya zai biya duk abin da ya faru, babu mai hankalin da zai karɓi ajiya, sai dai wanda ya shirya yin ƙarya. Shari'a ta kare amintacce ne don amana ta ci gaba da yiwuwa tsakanin mutane. Yanzu a duba makarantar da ke auna malamanta da yawan waɗanda suka haye jarrabawa kaɗai, ta tuhumi duk malamar da ɗalibanta suka faɗi ba tare da tambayar ko ta yi sakaci ba. Irin wannan makaranta ta mayar da hannun amana hannun lamuni. Malamar da aka sa a wannan matsayi za ta koma koyar da tsofaffin tambayoyin jarrabawa, ta sassauta makin gwaji, ta kau da kai daga abin da bai kamata ta kau da kai ba. Alƙaluma za su yi kyau a takarda, hannun ɗalibai kuma ya fita bai nuna ba.

Akwai masu cewa wannan magana ta yi daɗi da yawa ga aikin da rayuka ke ciki. Hujjarsu tana da ƙarfi kuma ya kamata a saurare ta da kyau. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020 ya nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suka mutu a duniya sanadin ciki da haihuwa a Najeriya suke. A 2023 hukumar da ke rijistar ma'aikatan jinya a Birtaniya ta gano alamun maguɗi a wata cibiyar jarrabawar kwamfuta da ke Ibadan, har ta soke sakamakon kusan mutum dubu biyu, mai laifi da marar laifi. A irin wannan yanayi, in ji su, abin da ake buƙata shi ne ido da bulala. Za su ƙara da hujjar addini, cewa Manzon Allah (SAW) ya yi wa Ibn Lutbiyya hisabi a kan abin da ya karɓa sa'ad da ya aike shi tattara zakka, kuma Sayyidina Umar ya shahara da bin diddigin dukiyar gwamnoninsa. Su kansu malaman Malikiyya, da suka ga masu sana'a irin su maɗinka da marina na iya wasa da kayan mutane, sai suka ɗora musu lamuni saboda maslahar jama'a. Idan sahabbai ba su fi ƙarfin bincike ba, malamar makarantar jinya wace ce da za a ce a sakar mata mara?

Amsar ita ce babu wanda ya ce a daina bincike, kuma wanda ya ɗauka yarda da bincike kishiyoyi ne bai fahimci ko ɗayansu ba. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a ƙarshen Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, ayar da ke biye da ita kuma ta yi maganar inda sashe ya amince wa sashe. An ajiye rubutu da aminci gefe da gefe, domin rubutu yana kare aminci daga mantuwa da zargi. A mashhurin mazhabar Malikiyya ma, mai sana'ar da ya kawo shaidar cewa kaya sun halaka ba da sakacinsa ba an sauke masa lamunin, wato ƙofar gaskiya a buɗe take gare shi. Onora O'Neill, masaniyar falsafa ta Birtaniya, ta ja hankali a laccocinta na Reith da BBC ta watsa a 2002 cewa yawan cike takardu da bin alƙaluma da aka ɗora wa malamai da ma'aikatan lafiya na iya raunana ainihin aikin da ake son karewa, domin mutane kan koma yi wa ma'auni aiki su bar marar lafiya da ɗalibi. Bincike iri biyu ne ke nan. Akwai wanda ke tambayar ko aikin ya yi kyau, kamar jarrabawar ƙarshe da Majalisar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wadda aka kafa a 1979, ke shiryawa tare da masu jarrabawa daga waje. Wannan gata ne ga malama mai gaskiya, saboda yana ba ta abin da za ta nuna wa mai neman alfarma. Akwai kuma wanda ke farautar mai laifi, wanda ba ya tambayar dalili, kuma shi ne ke koya wa ma'aikata gyara fuska ranar da baƙi za su zo, su koma yadda suke washegari.

Wata hujjar ta fi wannan zurfi, domin daga cikin addini take fitowa. Mai ita zai ce mumini don Allah yake aiki, kuma ihsani shi ne ka yi aiki da sanin cewa Allah yana ganin ka, saboda haka malamar kirki ba ta buƙatar shugaba ya yarda da ita kafin ta riƙe gaskiya. Kirista ma zai faɗi makamancin wannan game da wakili mai aminci da zai ba da lissafi a gaban Ubangijinsa. Ta fuskar wajibin mutum a kan kansa, wannan gaskiya ce da ba ta da makawa. Zaluncin shugaba ba ya halatta wa malama sa hannun ƙarya, kuma shaidar zur tana nan a matsayinta na babban zunubi ko da an matsa mata. Amma hujjar ta amsa rabin tambaya ne, ta bar rabin da ya shafi shugaba, wanda shi ma makiyayi ne da za a tambaye shi abin da aka ba shi kiwo. Shugaban da ya shirya wurin aiki ta yadda faɗin gaskiya zai jawo wa mutum canjin wurin aiki ko hana ƙarin girma, sannan ya ce ai su ji tsoron Allah, ya ɗora wa na ƙasa nauyin da nasa ne. Addinin da ya hana kusantar ɓarna, ya kuma toshe hanyoyin da ke kai wa gare ta, ba zai yarda a gina makaranta a kan zaton cewa kowane ma'aikaci waliyyi ne ba. Mafi yawan mutane matsakaita ne, suna son yin daidai, suna kuma da 'ya'ya da kuɗin haya. Adalci shi ne a sauƙaƙa wa irin waɗannan hanyar gaskiya, kada a mai da ita hanyar da sai jarumi ke iya bi.

Hujja ta uku ta masu duba aljihu ce. Za su ce matsalar kuɗi ce, kuma duk maganar yarda ado ne. A farkon 2024 magatakardan majalisar da aka ambata ya bayyana cewa ma'aikatan jinya sama da 42,000 sun bar Najeriya cikin shekara uku, kuma kowa ya san ƙwararrun da ya kamata su zama malaman gobe suna cikinsu. Babu mai musun cewa albashi na da tasiri. Sai dai albashin da ake biya a kan kari, da ƙarin girman da ke zuwa bisa ƙa'ida, su ne harshen farko da hukuma ke gaya wa ma'aikaci cewa alƙawarinta abin riƙewa ne, don haka batun kuɗi yana cikin batun yarda tun asali. A watan Fabrairu na 2024, da majalisar ta fitar da ƙa'idar cewa sai ma'aikaci ya yi shekara biyu yana aiki kafin a tantance masa takardunsa don fita waje, ma'aikatan jinya sun yi zanga-zanga a Abuja da Legas, domin sun karanta ƙa'idar a matsayin ƙulle ƙofa a maimakon gyara ɗaki. Masu wannan hujja sukan ƙara da cewa wataƙila kyakkyawan aiki ne ke haifar da yarda, ba yarda ke haifar da shi ba. Gaskiya ne kowannensu na ciyar da ɗan'uwansa, amma hakan ya bar tambayar wa zai fara. Wanda ya fi ƙarfi shi ya kamata ya fara, saboda shi ne kasadarsa ta fi sauƙi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, da ta kafa tsarin 'Yan Taru a ƙarni na 19, takan naɗa jaji ta ba ta malfa, ta sallame ta zuwa ƙauyuka ta koyar da mata inda idonta ba ya kaiwa, jajin kuma ta riƙa dawowa da ɗalibanta ana ƙara mata karatu ana jin yadda ake ciki. An fara ba ta girma da iko, sannan bibiya ta biyo baya.

Akwai dalili na ƙarshe da ya sa wannan batu ya fi tsanani a makarantar jinya fiye da ma'aikatar da ke sarrafa kaya. Ɗalibai ba darasin allo kaɗai suke ɗauka ba, suna kallon yadda malamansu ke zama da juna. Tun makarantar da Florence Nightingale ta buɗe a asibitin St Thomas da ke Landan a 1860, horon jinya ya kasance horon hali tare da horon hannu, kuma hali da gani ake koyon sa. Ɗalibar da ta shekara uku tana ganin malamarta na rufe baki a gaban shugaba, tana ganin ana sauya maki bayan an yi waya, ta riga ta koyi cewa haka ake rayuwa a wurin aiki, kuma da wannan ilimin za ta tsaya a gaban likitan da ya rubuta maganin da ya wuce ƙima. A Arewa nauyin ya ninka. Shirin Women for Health, wanda gwamnatin Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2012 a jihohin Jigawa, Kano, Katsina, Yobe da Zamfara, ya riƙa ɗauko 'yan mata da matan aure daga karkara yana shirya su shiga makarantun lafiya domin su koma su yi wa garuruwansu aiki. Uban da ya saki 'yarsa, da mijin da ya bar matarsa ta tafi, amana suka bayar, kuma garin da zai karɓe ta a matsayin ungozoma ya dogara ne da shaidar mutanen da bai taɓa gani ba. Silsila ce irin ta ijaza a karatun zaure, inda darajar ɗalibi ke fitowa daga amincin wanda ya yi masa izini. Idan zobe ɗaya ya yi rauni a ofishin malamai, har ƙauye za a ji.

Abin da wannan ke nema daga shugabannin makarantu ba ya cin kuɗi mai yawa, amma yana cin son rai. Hukuncin da malama ta yanke a kan ɗaliba bisa ƙa'ida kada a warware shi a ɓoye, in akwai ƙorafi a zauna a duba shi a gabanta. Rabon kwasa-kwasai da tafiye-tafiyen ƙaro ilimi da ƙarin girma ya bi ma'aunin da kowa ya sani tun kafin a raba. Wadda ta kawo rahoton kuskure a fara da gode mata kafin a shiga tambayoyi. Shugaba kansa ya riƙa cewa ya yi kuskure idan ya yi, domin babu abin da ke buɗe bakin na ƙasa kamar wannan. Su ma malamai da nasu kason, don idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Malamin da ke tilasta sayen takardun darasi, ko ya karɓi na goro a kan maki, ko ya nemi ɗaliba da lalata, ya ci amanar ɗalibansa, ya kuma ci ta abokan aikinsa, saboda shi ne hujjar da za a kafa a ƙuntata wa kowa. Makarantar da ta ƙyale irin wannan da sunan zaman lafiya ta gaya wa masu gaskiya cewa gaskiyarsu ba ta da farashi. Hukunta maci amana a fili bisa adalci yana daga cikin hanyoyin da ake gina yarda da su.

Idan ana son a san lafiyar makarantar jinya, yawan waɗanda suka haye jarrabawa ba zai faɗi komai da komai ba. Abin tambaya shi ne yaushe rabon da wata malama ta mayar wa ɗaliba littafinta ta ce ta je ta sake gwadawa, ba za ta sa hannu yau ba, sannan me ya sami malamar bayan nan. Idan ta ci gaba da aikinta cikin mutunci, shugabanta ya tare mata masu waya, ɗalibar kuma ta koma ɗakin gwaji har ta iya, to sauran sa hannun da ke cikin littattafan makarantar abin dogaro ne. Idan kuwa kowa ya san abin da ya same ta har ba a sake samun mai gwadawa ba, to gurabun za su ci gaba da cika da tawada a kan lokaci, kuma matar da za a kawo tana jijjiga cikin dare ita za ta biya bashin da aka ci a ofishin da ba ta taɓa shiga ba.